Durƙusau

A Bellcourt har yau in aka tashi zancen waccan kakar wasa, daga gwiwar Royce Tillery ake farawa.

Ranar Talata ya sauka daga jirgi, ranar Asabar aka sa shi a wasa, wasan ƙwallon nan mai tsini biyu da ake runguma a ruga da ita. Wanda ke dawo wa ƙungiyar garin, 'Yan Girbi, da ƙwallo idan abokan hamayya sun bugo ta ne ya karye, aka yi waya Amurka cikin gaggawa, aka samo Royce a wani ɗan ƙaramin gari na Mississippi yana ɗaga tayoyi a shagon kawunsa. Ƙungiyoyi uku sun gwada shi a ƙasarsu, duka ukun sun sallame shi. Shekararsa ashirin da takwas. Ya sani sarai idan ta huɗu ta ce a'a, babu mai sake neman lambarsa.

Kafin wasan, Koci Lachance ya zaunar da shi gaban allo, ya zana masa fili, ya ɗora yatsa a ƙarshensa.

"Ka ga nan, bayan layin ƙarshe? Gidanmu ke nan. Idan suka bugo ƙwallo da ƙafa ta faɗo ciki, dole ta fita. Ko ka fito da ita a guje, ko ka mayar musu da ƙafa. In suka danne ka a ciki, ko ka durƙusa, maki ɗaya nasu ne. Nan Kanada ce, ba garinku ba. Ka ji?"

"Na ji, Koci."

Ya kuwa ji. Sai dai tun yana ɗan shekara bakwai ake koya masa akasin haka. A ƙasarsu in ka cafe ƙwallo can cikin gida, ka ga babu hanya, gwiwa kake sawa a ƙasa, alƙali ya hura usur, a kawo muku ƙwallo gaba lafiya lau. Yaron da ya yi haka shi ake shafa wa kai a ce yana da hankali.

Wasan ya zo ƙarshe ana canjaras. Lokaci ya ƙare saura bugu ɗaya, baƙi suka ɗaga ƙwallo sama, ta yi ta juyi cikin hasken yamma har ta sauka a hannun Royce, can ƙuryar gida. Ya ɗaga kai ya ga fararen riguna sun taso masa kamar bango. Kansa bai ce komai ba. Gwiwarsa ce ta yi magana.

Filin ya yi tsit. Royce ya miƙe, ya miƙa wa alƙali ƙwallo har da ɗan murmushi, sai ya ga alƙalin na kallonsa da tausayi, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Baƙi suna ta tsalle suna rungumar juna. Daga can saman benci wani tsohon manomi ya kwarara murya:

"Tashi, ɗan nan! An ce maka coci ka zo?"

Kafin Litinin sunan ya gama gari. Durƙusau.

'Yan Girbi ba su da ubangida. Ƙungiyar ta gari ce. Da wuya ka shiga gida a Bellcourt ba ka ga takardar hannun jarin ƙungiyar a rataye kusa da hoton aure ba, don haka kowa na ganin yana da ikon yi wa 'yan wasa faɗa. Mai sayar da burodi na yi, direban bas na yi, manoma na bugo waya gidan rediyo daga cikin injin girbi su yi. A wurin shan mai wata yarinya ta kalli Royce ta ce wa uwarta da ƙarfi, "Mama, ga shi can, a tsaye yake yau."

A ɗakin canza kaya ranar da abin ya faru, babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya kalle shi. Mutum ɗaya ne ya tako ya tsaya a kansa: Orest Boyko, mai buga wa ƙungiyar ƙwallo da ƙafa, ɗan gari, wanda furfura ta fara cin gemunsa, gwiwoyinsa duk tabon ɗinki.

"Ɗan Amurka, ina kake kwana?"

"Otal."

"Ma'aikatan otal ɗin nan duk masu hannun jari ne, za su tofa maka a shayi. Tsohuwata na da ɗakin ƙasa a gona. Ita ba ta sauraron rediyo." Ya sosa gemu. "Ƙarya nake. Ita ce ma ke yawan buga musu waya. Ɗauko jakarka."

Mama Boyko ta tare su a ƙofa, hannunta duk gari. Ta duba Royce daga sama har ƙasa ta saman tabarau.

"Kai ne Durƙusau?"

"Ni ne, Mama."

"Cire takalmi. Dubi ƙafafu kamar sandar tsintsiya, ba dole su lanƙwashe ba? Zauna."

Ta jibga masa pirogi, dafaffen ƙullun fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa, ta tsaya a kansa sai da ya cinye, ta ƙara.

Daga nan kakar ta sulale. Mai jefa ƙwallo ya goce a kafaɗa, wanda ya gaje shi ya rinƙa miƙa wa abokan hamayya ƙwallo kamar mai rabon sadaka. Aka ci su a gida, aka ci su a waje. Suka je bakin teku aka ci su cikin ruwan sama, suka je gabas aka ci su cikin zafi. Wasan ranar ma'aikata, wanda ko shekarar fari ba a so a rasa shi, aka yi musu cin da tun kafin a tafi hutun rabin lokaci mutane suka fara neman makullan motocinsu. Duk wannan ba laifin Royce ba ne, kowa ya sani. Amma in an tashi ƙirga, daga gwiwarsa ake ƙirgowa.

Kusan kowace Litinin sai an sallami wani. Yadda ake yi, mai kula da kaya zai zo ya miƙa maka baƙar ledar shara, ka zuba takalmanka da hotunan 'ya'yanka, ya ɓare sunanka daga saman akwatinka. Royce ya koyi gane takun mutumin tun daga baranda. Wata Litinin takun ya zo ya wuce shi, ya tsaya a kan na kusa da shi, wani ɗan Texas da suke raba man shafawa. Da rana sai Koci ya kira shi.

Lachance ya rame. Kofin gahawa uku ne a teburinsa, babu wanda ya shanye.

"Ba zan ɓoye maka ba, Tillery. Ƙarshen kaka 'yan wasa da yawa za su tafi, wataƙila har da ni. Gudu kana da shi. Amma masu gudu cike suke a ƙasarku, waya ɗaya zan yi a turo min goma. Abin da ban sani ba shi ne, in ranar nan ta sake zuwa, wa zai yanke shawara? Kai ko gwiwarka?"

"Ba zan sake durƙusawa ba, Koci."

"Na yarda. Sai ka yi me? Ka ruga cikin mutum goma sha biyu su danne ka a ciki? Maki ɗayan dai shi ne. Je ka. Zan duba ka zuwa ƙarshe."

A ranar da yamma Royce ya iske Orest a bayan gida, ya kwanta ƙarƙashin injin girbi, ƙafafunsa kawai ake gani. An gama yanke alkamar gefen gida, gonar ta zama tsini-tsinin kara har iya ganin ido.

"Tsoho, ina so ka koya min bugu."

Ƙafafun ba su motsa ba. "Miƙo min sifana mai jan hannu."

Ya miƙa masa. "Da gaske nake."

"A ƙasarku ai ba ku ɗauke mu masu bugu 'yan wasa ba. Faɗi gaskiya, a ƙungiyoyi ukun nan da suka kore ka, ka san sunan mai bugu ko ɗaya?"

Royce ya yi tunani. "Akwai wani mai jan gashi."

Dariya ta fito daga ƙarƙashin injin, Orest ya biyo ta yana goge hannu. "Saurara, ƙane. In ranar ta zo, ni Koci zai tura baya. Aikina ne. Kuma a duk shekaruna a rigar nan sau ɗaya tak ta taɓa zuwa min. Kai ka riga ka cinye rabonka."

"Filin nan naku faɗinsa ya kai gonar nan. Kana tsakiya, iska ta kwaso ta ta kawo gefena. Da waɗannan gwiwoyin za ka zo?"

Orest ya kalli gwiwoyinsa. Ya kalli sama, inda iskar yamma ke kaɗa wayar lantarki.

"Akwai ƙwallo a bayan mota. Ɗauko."

Ya kai shi gaban babban rumbun ƙarfe mai hular mazurari, ya auna taku, ya ja layi da dunduniya.

"Duk wanda ya tashi a gidan nan sai ya tsallakar da ƙwallo kan rumbun nan. Ni ina ɗan sha ɗaya na yi. Ƙanwata Lesia tana da sha biyu, kuma da takalmin coci. Bismillanka."

Royce ya wurga ƙwallo sama ya kai mata ƙafa da dukkan ƙarfinsa. Ta bugi ƙaurinsa, ta yi gefe, ta faɗa cikin kabejin Mama Boyko. Taga ta buɗe.

"Orest! Faɗa wa baƙon nan kabejina bai ci mu maki ko ɗaya ba!"

Haka aka fara. Da safe atisayen ƙungiya a gari, da yamma rumbu. Orest ba malami mai haƙuri ba ne.

"Kar ka jefa ta! Wa ya ce ka jefa? Ajiye ta za ka yi a kan iska, kamar kana ajiye faranti a tebur. Miƙe yatsun ƙafa. Idonka na ina? Ƙwallon za ka kalla, rumbu ba ya zuwa ko'ina. Sake."

Ƙwallon mai tsini biyu ba ta da alkawari. Yau ta tashi, gobe ta bi ƙasa tana ɗingishi. Saman ƙafar Royce ya kumbura ya yi shuɗi, Mama Boyko ta naɗe masa da ganyen kabejin da ya farfasa, ta ce ai gara a ci moriyarsa. A hankali ƙwallo ta fara nisa. Ta fara isa rumbun, tana dukan cikinsa, ƙwam, kaji su watse. Amma ba ta tsallaka ba.

Da bugun ya ɗan zauna, Orest ya ce, "Wannan bugun mai kwanciyar hankali ne. A fili babu wanda zai tsaya ya jira ka gyara tsayuwa." Sai ya koma jefo masa ƙwallo sama, ya rungumi buhun abincin shanu ya rugo kansa yana ihu, kare na biye da shi. Mama Boyko kuma ta ɗauki nata aikin ba tare da an sa ta ba. Takan fito baranda da murfin tukunya da ludayi, da zarar ƙwallo ta taɓa hannunsa sai ta hau kaɗawa tana kiran, "Durƙusa! Durƙusa, ɗana, ka huta!"

Ranar farko dariya ta kayar da shi. Rana ta biyu ya ji abin da ya ba shi tsoro: da buhun ya matso, gwiwarsa ta dama ta ɗan saki da kanta, kaɗan, kamar doki ya ji linzami. Ya tsaya yana kallonta.

"Ka gani?" in ji Orest yana haki. "Tana nan. Ba fita za ta yi ba. Sai dai ka ba ƙafar wani aikin kafin ta tuna."

Abokan wasa sun samu labari. Manyan ƙartin gaba sukan tsaya bayan atisaye su ga Royce na bugu. "Durƙusau, ashe kujerar tsoho kake nema?" "Ku matsa da motocinku, ya ɗauki ƙwallo!" Yakan yi dariya ya sake ajiye ta a kan iska. Kawunsa ya bugo waya ya ce tayoyi na nan na jiransa, ba abin kunya ba ne. Ya ce ya gode, a gaida gida.

A wani wasa cikin watan Satumba ya cafe ƙwallo ya ratsa filin gaba ɗaya, babu wanda ya taɓa ko rigarsa. Duk da haka aka ci su. Washegari mai gabatarwa a rediyo ya ce Durƙusau dai jiya ya miƙe, sai a jira a gani ko zai daɗe. Wasa biyu kacal suka ci a kakar, su ma kamar bisa kuskure.

Wasan ƙarshe ya faɗo a ƙarshen Oktoba, da rana, a gida. Sanyi ya riga ya sauka, iska na shigowa ta buɗaɗɗen gefen filin tana yanka fuska. Benci rabi babu kowa. Waɗanda suka zo su ne waɗanda ko gobara ake sai sun zo: tsofaffi cikin rigunan aikin gona masu auduga, da barguna, da butocin gahawa. Mama Boyko na layinta na kullum, a kujerar da mijinta ya bari. Baƙin, 'Yan Ma'adinai, suna bukatar nasara don su shiga wasannin neman kofi. 'Yan Girbi babu abin da suke nema. Orest ya faɗa wa Royce a mota, yana kallon hanya, cewa daga yau ya ajiye takalmi.

Ko don haka ne, ko don iskar ta hana kowa jifa, 'Yan Girbi suka ƙi mutuwa. Aka yi ta kokawa a tsakiyar fili. Dusar ƙanƙara ta fara zuba, tana tafiya a kwance. Da agogo ya zo ƙarshe, allo na nuna canjaras, ƙwallo kuma na hannun baƙi, saura bugu ɗaya.

Suka fito da mai bugunsu. Daga nesa ne, amma ba ruwansu. In ta bi tsakanin sanduna, maki uku. In ta kauce ta faɗa gida ba a fitar da ita ba, maki ɗaya. Kowanne ya ishe su.

Koci Lachance ya kama rigar Orest ya tura shi. Sannan ya juyo, idonsa ya tsaya a kan Royce, ya daɗe fiye da yadda lokaci ya bari.

"Tillery. Gefen hagu."

Da 'yan kallo suka ga lambarsa na gudu zuwa gida, wani gunaguni ya bi benci. Wani ya yi ihu, "Ku sa masa katako a gwiwa!" Royce ya tsaya a wurinsa yana hura hannu. Orest na tsakiya, ya tsinki ciyawa ya saki, ya ga inda ta bi, ya kalli Royce. Ya ɗan gyaɗa kai.

Aka buga. Ƙwallo ta taso kamar za ta bi tsakiya, sai iska ta sa mata hannu, ta ture ta, ta ture ta, ta wuce sandar hagu ta waje. Royce ya ja baya, ya ƙara ja, ƙanƙara na shiga idonsa. Ta faɗo ƙirjinsa da nauyi kamar dutse.

Ya ɗaga kai. Bangon nan ne dai, ya taso. A gefe ya hango wata 'yar kafa tsakanin mutum biyu, ƙafafunsa suka ce masa za su iya, sun sha yin wadda ta fi ta. Gwiwar dama kuma ta ɗan saki. Ya sauke ido kan ƙwallon, ya ajiye ta a kan iska.

Mummunan bugu ne. Ta gefen ƙafa ta fita, ƙasa-ƙasa, tana wutsil-wutsil. Amma ta tsallake layi, ta fita daga gida. Filin ya ɗauki ihu, ihun kuma ya katse a tsakiya, don kai tsaye ta nufi mai bugun baƙi, wanda ya tare ta da ciki, ya gyara, ya sake maido ta.

Wannan karon ta bi ƙasa, ta yi tsalle biyu ta nufi ƙuryar dama. Orest ya bi ta da gwiwoyin nan nasa, kamar mai gudu cikin laka. Ya cim mata, ya ɗauka, amma kafin ya miƙe wani ƙato ya rungume masa ƙugu. Yana faɗuwa ya juya ya wurgo ta baya, inda Royce ya biyo shi a guje.

"Buga, ɗan banza!"

Babu wurin ɗaukar taku. Hannu ya riga ya kama kafaɗarsa. Royce ya saki ƙwallo ya kai mata ƙafa yana faɗuwa, ya ji ta zauna daram a saman ƙafar, a daidai inda ya kumbura. Mutum uku suka rufto masa. Daga ƙarƙashinsu, ta cikin ƙarfen hular kwano, ya ga ƙwallon ta tashi, iska ta karɓe ta, ta wuce layin gida, ta yi gaba, ta karkata ta faɗa cikin 'yan kallo a wajen tsakiyar fili. Wani tsoho ya rungume ta da bargo.

Usur. Babu maki. Sai ƙarin lokaci.

Orest na kwance a gefensa yana kallon sama, ƙanƙara na sauka a gemunsa.

"Ka jefa ta," ya ce. "Na farkon. Na ce kar ka jefa."

"Ta fita ko ba ta fita ba, tsoho?"

"Ɗaga ni."

Ba su ci wasan ba. A ƙarin lokaci kowane ɓangare ya samu maki uku, ya sake samun uku, alƙali ya tashi wasa canjaras, 'Yan Ma'adinai suka fita kai a ƙasa, kofinsu ya tafi. Amma in ka ga yadda tsofaffin nan ke dukan benci da butoci, sai ka rantse 'Yan Girbi ne suka ɗauko shi. Mama Boyko ta sauko har bakin shinge, ta kama fuskar Royce da safar hannu mai sanyi.

"Ba a ci mu ba," ta ce. "Ka ji? Yau ba a ci mu ba."

Washegari ranar leda ce, wadda kowa ke karɓar tasa, mai tafiya hutu da mai tafiya gaba ɗaya. Bambancin a sunan yake. Mai kula da kaya ya bi layi yana rabawa, yana ɓare wasu sunayen yana tsallake wasu. Orest ya ɓare nasa da kansa, ya manna a goshin mutumin. Da aka zo kan Royce, sai ya miƙa masa leda ya ce, "Koci na kira."

Lachance na tsaye bakin taga da kofi a hannu.

"Na kalli hoton wasan sau da yawa," ya ce. "A rayuwata ban taɓa ganin bugu mai muni irin naka na farko ba. Wa ya koya maka?"

"Orest, Koci. Da mamarsa. Da kare."

"Akwai kafa ta hagunka. Ka gan ta?"

"Na gani."

"Da ka bi ta?"

"Wataƙila da na fita. Wataƙila da ban fita ba."

Koci ya gyaɗa kai, ya kurɓi gahawar ya yamutsa fuska. "Sun bar ni shekara ɗaya, ban san dalili ba. Kar ka ji ni da kyau fiye da yadda na faɗa: ban yi maka alkawarin riga ba. Zan kawo yara masu gudu daga ƙasarku, su nemi ƙwace wurinka. Amma watan Mayu ka zo sansani. Sunanka na nan inda yake."

Royce ya matse ledar a hannu.

"Je ka mana. Ina za ka yi hunturu?"

"Mama ta ce ɗakin ƙasa na nan, in zan iya kwashe ƙanƙarar ƙofa."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ka sayi rigar kirki, wannan ta jikinka ta zuwa biki ce."

A hanyar fita, mai gadin ƙofa ya ɗaga masa hannu. "Durƙusau! Sai bazara ke nan?"

"Sai bazara."

Da suka isa gona rana ta yi ƙasa, gonar ta yi fari fat, tsinin kara ne kawai ke leƙowa. Orest ya sauke ledojinsa biyu a baranda. Royce bai shiga ba. Ya zagaya bayan mota ya ɗauko ƙwallo, ya taka zuwa gaban rumbu, ya share ƙanƙara da takalmi har ya gano layin.

"Kaka ta ƙare, ɗan Amurka," Orest ya kira shi. "Shigo ka ci abinci."

"Lesia da takalmin coci ta yi, ka ce?"

Orest ya yi tsaki, ya ja hularsa ya rufe kunne, ya sauko daga baranda yana ɗingishi.

Royce ya ajiye ta a kan iska. Ta tashi sosai, ta yi sama, ta yi sama, ta bugi bakin hular rumbun, ƙwam, ta gangaro da ƙanƙara a bayanta. Kare ya ruga ɗaukowa.

"Saura kaɗan," in ji Royce.

"Saura da yawa. Miƙe yatsu. Sake."